Warin Ɗakin Jego

Ni da fiya-fiya ba ma ga-maciji. Har yau in na bi ta gefen mai tallan maganin ƙwarin nan a kasuwa, da 'yan kwalabensa marasa takarda jere a faranti, sai yawu ya tsinke mini a baki, zuciyata ta hau tashi. Wanda muke tare ya ce na cika iyayi, wai ɗan maganin sauro ne kawai. Ni dai sai in tofar da yawu in ƙara sauri. Wanda bai shiga ɗakin da na yi jegon fari ba, ko na wuni ina yi masa bayani ba zai gane ba.

Gidanmu a unguwar Limawa yake, cikin garin Dutse. Ina 'yar yarinya aka mayar da Dutse babban birnin jiha, ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Kano da Haɗeja da Gumel, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Baba, wanda sana'arsa sayen wake a kasuwar Shuwarin ya ajiye har ya yi tsada, ya yanki rabin filin gidan ya jera ɗakunan haya. Daga bayan gida aka haƙo ƙasar ginin, ramin ya zama kududdufi, kududdufin ya zama matattarar sauro. Katifun baƙin kuma suka kawo mana kuɗin cizo. Tun daga nan masu kekuna suka fara bin lunguna suna kiran maganin sauro, maganin ɓera, maganin kyankyaso, kuma da wuya ɗayansu ya wuce ƙofar gidanmu ba a yi ciniki ba. Da warin nan muka tashi, har muka ɗauka shi ne ƙamshin tsabta.

Na haihu a daminar shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Ko'ina ka juya wa'azi ake a kan kwalbar giya, wadda ni ban taɓa sa ta a ido ba. Kwalbar fiya-fiya kuwa tana kan tagar kowace mace a unguwarmu, kafaɗa da kafaɗa da kwalbar man gyaɗa, babu mai cewa uffan. Maigidana ƙaramin ma'aikaci ne, ɗaki ɗaya muke haya a unguwar Takur. Da yake haihuwar fari ce, ana gama suna aka kwaso ni da jaririn zuwa gida wanka, in zauna har in yi arba'in. Namiji ne, ɗan mitsitsi, ja, mai yawan gashi.

Wadda ta karɓi jegon ita ce Kaka, mahaifiyar Baba. Gajeriyar tsohuwa ce mai ƙarfin tsiya, haƙoranta jajaye da goro, kuma babu macen da ta haihu a zuri'armu da ba ta bi ta hannunta ba. A ɗakinta na tashi. Ita ta yaye ni, ita take ɓoye mini ƙanzo, ranar da aka kai ni gidan miji kuma ta fi wadda ta haife ni kuka. Wasa muke irin na jika da kaka, in ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, ta ce mini ja'ira mai bakin tsiya. Tana ɗora ido a kan jaririn ta ce ta yi miji.

“Miƙo mini angona,” in ji ta. “Ke me kika sani? Jiya-jiya nake fyace miki majina.”

A gidanmu ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ba kya kiran sunansa, ba kya kallonsa a gaban manya, ba kya ɗaukarsa sai an miƙo miki shi ya sha nono, shi ma kina kau da kai kamar an ba ki ajiyar maƙwabta. In ya yi kuka ki yi kamar ba ki ji ba, akwai masu shi. Wadda ta kuskura ta nuna damuwa a kan ɗan farinta, har ta tsufa ana yi mata gori. Da wannan kunyar aka rene ni, ni ma na sha yi wa wasu dariya a kai. Don haka na shiga ɗakin nan da ido da hanci, amma baki an riga an ɗinke mini shi.

Ɗakin da aka ba ni shi ne mafi kyau a gidan, daɓen siminti, rufin kwano, taga ɗaya 'yar ƙarama. Saboda kyansa ne ma Baba yake ajiyar wakensa a ciki. Da za mu zo aka fitar da rabin buhunan, sauran aka jingine su da bango aka lulluɓe da tabarma, don farashi bai kai inda Baba yake jira ba. Kowane buhu an cakuɗa shi da farar hodar maganin ƙwari tun lokacin girbi. In ka jingina da su sai bayanka ya yi fari. A kansu muke shanya zannuwan goyo da 'yan rigunan jariri in ana ruwa, saboda nan ne kawai wurin da ba ya ɗiga. Daga cikinsu kuma Inna, mahaifiyata, take ɗibar waken ƙosan da nake haɗawa da kunun kanwa da safe. Takan ce ta wanke shi tas, amma ɗan ɗacin nan ba ya barin bayan harshe.

Ranar da muka iso Kaka ta sa muka zauna a tsakar gida, ta shiga da tsohon gwangwanin madara da guntuwar tsintsiya. Ta zuba fiya-fiya a gwangwanin, ta tsinka da kananzir, ta dinga tsoma tsintsiyar tana yayyafa wa bango, ƙarƙashin gado, bayan ƙofa. Katifa kuwa sai da ta bi bakin ɗinkinta kaf, ta juya ta ta maimaita, sannan ta shimfiɗa zane a kai tun bai bushe ba. Da muka shiga idona ya kawo ruwa.

Na ce, “Kaka, wannan wari fa?”

Ta ce, “Warin lafiya ke nan. Ko so kike sauro ya cinye mini ango?”

Ba sau ɗaya ta yi ta bari ba. Sauro ɗaya ya yi mata kuka a kunne, gwangwani ya fito. Ta ga ɗigon jini a zanen gado, gwangwani ya fito. Tagar nan ɗaya tilo ta toshe ta da tsumma don kada sanyi ya shigi mai jego, ta kawo kaskon garwashi ta ajiye a tsakar ɗaki. In zafin wutar ya bugi bangon da katifar, sai warin ya taso da kauri, ka ji shi har a kan haƙoranka. Tir! Ko yanzu da nake rubutawa ina jin sa.

Inna ba ta taɓa fiya-fiya, wai tana sa ta ciwon kai. Ita nata mai tsabta ne. Ta cika akwatin kayan jariri da ƙwallayen kafur, har in an sa masa riga sai ya yi atishawa. Akwai kuma wani alli na kyankyaso da take zagaye ƙafafun gado da shi, ta zagaye kwanon abincina, ta zagaye tabarmar da ake kwantar da shi da rana. Maigidana, da yake suruki ne iyakarsa zaure, ya rasa abin da zai yi ya nuna kulawa, sai ya aiko da dogon gwangwanin feshi na kanti da fakitin maganin sauro mai hayaƙi. Kaka ta yi ta juya gwangwanin tana sa wa maigidana albarka, wai an ga surukin arziki. Ba ta ajiye nata ba, ɗora wannan ta yi a kai. Da magariba a yi feshi, a kunna mai hayaƙin a ƙarƙashin gado, a ja ƙofa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda take yi mini wankan ruwan zafi da ganyen darbejiya. Kitson da ke kaina tun kafin haihuwa ne, ga gumi ga zafi, na fara susa. Gwaggo ta tsefe layi ɗaya ta duba, ta tafa hannu.

“Ƙwarƙwata! Mai jego da ƙwarƙwata, a ji mu a gari?”

Ta ɗebo man shanu a murfin kwano, ta ɗiga fiya-fiya a ciki, ta cakuɗa da yatsa, ta bi fatar kaina tana murzawa, ta rufe da leda ta ɗaure da ɗankwali, ta ce kada in kuskura in wanke sai ya kwana biyu. Da yamma aka yi mini wanka daga wuya zuwa ƙasa. Tururin ruwan ya narkar da man, na ji shi yana gangarowa ta bayan kunnena, ta wuyana, har ƙirjina. Na goge da gefen zane iya abin da zan iya. Ina fitowa Kaka ta miƙo mini jariri, ya kama nono. Na kau da kai kamar yadda aka koya mini, amma wallahi a ranar ba kunya ce ta sa na kau da kai ba. Ƙyamar jikina nake ji, kamar na ba shi abinci a kwanon da aka jiƙa maganin ɓera.

Ni ce na fara jin jiki. Kaina ya dinga sarawa, yawu yana cika mini baki, in na miƙe sai ɗakin ya juya. Aka ce jego ne, a ƙara mini yaji da kunun kanwa. Ban damu da kaina ba. Abin da nake gani ta wutsiyar ido shi ya hana ni sukuni. Yaron da yake tsotso har ya yi gumi ya koma ya kama ya saki. Yawu yana dalala ta gefen bakinsa har ya jiƙa wuyan riga, idonsa kullum da ruwa ba tare da kuka ba, kashinsa ya tsinke. Ƙirjinsa yana wata 'yar ƙara kamar tukunyar da ta fara tafasa. Wani lokaci naman fuskarsa ya dinga rawa shi kaɗai.

Na yi ta jira wani ya ce a tafi asibiti, babu wanda ya ce. Wata rana da Inna ta shigo ita kaɗai, na sunkuyar da kai na ce, “Inna, kamar wancan ba ya jin daɗi.”

Ko sunansa ban kama ba, wancan na ce. Amma ta dube ni kamar na yi tsirara a kasuwa.

“Ke ba ki da ta ido? Kaka tana raye za ki koya mana reno?”

Na juya fuskata bango, raina yana tafasa.

Wata safiya ya ƙi nonon gaba ɗaya. Kaka ta juya shi, ta buɗe bakinsa, ta taɓa maɗigarsa, ta yanke hukunci: nonona ne ya lalace. Akwai yadda tsofaffinmu suke gwadawa. A tatsi nono a ludayi, a jefa tururuwa a ciki. In ta fito ta kama gabanta, nonon lafiya lau ne. In ta mutu a ciki, mugun nono ne, sai a cire yaro a nemi magani. Aka miƙo mini ludayi, na juya baya na tatsa.

Kaka ta ce, “A samo tururuwa.”

Gwaggo ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado, babu. Ta bi gindin bango, ta ɗaga tabarmar buhuna, ta duba bakin ƙofa inda kunu mai sukari ya zube tun jiya ba a goge ba. A damina fa, lokacin da in ka ajiye ɗan ƙosai ka juya sai ka tarar kiyashi sun yi masa taro. Abin da ta sharo kawai matattun kyankyasai ne da wata tsaka da ta bushe a rigingine. Kaka ta yi dariya har tana buga cinya.

“Kun ga aikina ko? Ko kiyashi ba ya iya kwana a ɗakin nan.”

Ita da alfahari ta faɗa. Ni kuwa gargaɗi na ji a cikin maganar. Na dubi jaririn kai tsaye, karo na farko a gabansu, yana kwance a kan katifar nan yana jan numfashi da ƙyar.

Gwaggo ta fita har bakin rijiya ta ɗebo tururuwa a kan ganye. Wajen karkaɗa su a ludayin, wasu suka faɗa cikin nonon, wasu suka zube a ƙasa. Su duka suka sunkuya a kan ludayi. Ni na ƙasan nake kallo. Suka yi tafiyar da ba ta wuce tsawon tafin hannu ba a kan simintin, suka fara zagaye wuri ɗaya, suka nannaɗe, suka tsaya cak.

“Ga shi nan, sun mutu,” in ji Kaka, tana nuna wa Inna ludayin. “Mugun nono ne. Daga yau an cire shi. A tatso na akuya, ni kuma zan haɗa masa jiƙo.”

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na nuna ƙasa na ce, “Kaka, waɗannan fa? Su ma nonona suka sha?”

Gwaggo ta riƙe haɓa, Inna ta ce innalillahi a hankali. Kaka ba ta ko dubi inda na nuna ba, ni ta duba.

“Au, baki kika yi? To madalla. Haihuwa ɗaya har kin zama ungozoma.”

Ta tashi ta fita haɗa jiƙonta, su biyun suka bi ta suna ba ta haƙuri. Suka bar ni da shi. Na tsaya ina kallon ƙofa, ina jin ƙarar turmi a tsakar gida, na san in jiƙon nan ya shigo, an rufe ƙofa an ƙara garwashi, to shi ke nan. Mai jego ba ta fita kafin arba'in, uwar ɗan fari ba ta ɗaukar ɗanta a idon mutane. Na zura hijabi, na naɗe shi a zane, na rungume shi a ƙirji na fito.

Na ratsa tsakar gida ina jin Gwaggo tana kiran sunana, ban waiga ba. Baba yana zaure da wasu dillalan wake guda biyu, sun baza samfur a kan tabarma. Ya ɗaga kai ya gan ni, ya ga abin da ke hannuna.

“Ina zuwa haka?”

“Asibiti, Baba.”

“Wa ya aike ki?”

Na ce, “Ɗana ne ba shi da lafiya.”

Dillalan suka sunkuyar da kai kamar su suka yi abin kunyar. Ni kuma na sa kai waje. A lokacin ana ta ce-ce-ku-ce a kan ɗaukar mata a acaɓa, duk wanda na tsayar sai ya dube ni ya girgiza kai ya wuce. Na bi taɓo da ƙafa, jikina ɗanye, har bakin titi, inda wani mai tasi ya tausaya ya tsaya. Tun kafin mu kai na ji kaina ya ɗan saki, saboda rabona da shaƙar iskar da ba ta da wari tun ranar da aka kawo ni.

Likitan da ya karɓe mu matashi ne. Yana buɗe zanen ya ja da baya ya taɓe fuska. Ya haska idon yaron, ya saurari ƙirjinsa, ya ce da nas a tuɓe shi yanzu-yanzu a wanke shi da sabulu, kayan kuma a fitar da su waje. Aka yi masa allura, aka sa masa robar iska a hanci. Sannan ya juyo kaina.

“Malama, me aka ba shi?”

“Nono kawai.”

“Me kuke sawa a ɗakin da yake kwana?”

Na ce fiya-fiya da kananzir. Ya ce sai me kuma? Na ce feshin gwangwani. Sai me kuma? Mai hayaƙi a ƙarƙashin gado. Duk inda na tsaya ina ganin na gama, sai ya sake cewa sai me kuma, ni kuma sai wani ya faɗo mini: kafur a akwati, alli a ƙafar gado, hodar buhunan da muke shanya kayansa a kai, ƙosan da nake ci. Ban taɓa jera su a wuri ɗaya ba sai a ranar, ko a zuciyata. A gida kowanne da mai shi, kowanne da lokacinsa. Da na zo kan man da ke kaina na kasa faɗa, sai na cire ɗankwali kawai. Ya shaƙa sau ɗaya ya rufe ido.

Ya ce, “Ba zan iya ce miki wanne ne ya fi yi masa illa ba. Jikinsa bai san wannan na kaka ne, wancan na uba ne ba. Wani ya shiga ta hanci, wani ta fata, wani ta baki, duk a jiki ɗaya suka taru, kuma dubi girman jikin. Kada a sake kwantar da shi a wannan ɗakin.”

Nas ɗin ta kai ni bayan ɗakin yara ta tsefe mini kai ta wanke da kanta. Ruwan farko da ya sauko fari ne kamar tsinkakken nono, yana wari. Na durƙusa a bakin kwata na yi ta amai har sai da cikina ya ƙulle. Ita kuwa ta ci gaba da zuba ruwa.

Mun kwana biyu a can, a ƙarƙashin gidan sauro, taga a buɗe. Sauro ko ɗaya bai cije shi ba. A hankali ƙarar ƙirjin ta lafa, yawun ya tsaya, rannan da hantsi ya kama nonon nan da aka ce mugu ne ya tsotsa har ya yi gumi a goshi. Na yi kuka a gaban kowa, ban kau da kai ba.

'Yan dubiya kuwa sun ƙara mini takaici. Na gaya musu abin da likita ya ce, kowa ya hau wanke kansa. Baba ya ce shekara da shekaru yana sa hodar nan a wake, garin nan kaf an ci, wa ya mutu? Maigidana ya ce nasa na kanti ne, da rubutu a jiki, ba irin na masu keke ba. Inna ta ce kafur ai ba guba ba ne, turaren kaya ne. Gwaggo ta ce ɗan ɗigon da ta sa ko ƙwarƙwatar bai gama kashewa ba. Kowa nasa ɗan kaɗan ne, kowa yana nuna na wani da baki. Haba jama'a! Ina zaune ina kallonsu, mutanen da na san za su iya ba da jininsu saboda yaron nan, amma babu ɗaya da ya yarda ya haɗa nasa da na ɗan'uwansa ya ga abin da ya tashi. Kaka ba ta zo ba, aka ce tana fushi.

Da aka sallame mu na so mu wuce Takur, amma arba'in ba ta cika ba, maigidana kuma ba zai iya haɗa ido da Baba ya ce ya ɗauke matarsa ba. Baba ya aiko cewa an gyara ɗaki. Na yarda. Maigidan ya raka mu har zaure ya tsaya a nan, na shiga ciki da yaron a kafaɗa.

Gaskiya Baba ya yi ƙoƙari, buhunan suna jibge a rumfa, an cire tsumman taga. Amma tun daga tsakar gida warin ya tare ni, sabo fil, ya fi na ranar farko ƙarfi. Sai ga Kaka ta fito daga ɗakin, gwangwani a hannun hagu, guntuwar tsintsiya a dama tana ɗiga. Ta huce, fuskarta cike da murna. Ta ce ta ji gadajen asibiti ba a rasa su da kuɗin cizo, shi ya sa ta yi wa ɗakin mai kyau kafin mu iso, kayan da muka dawo da su ma a kawo ta yayyafa musu. Ta ajiye gwangwanin a ƙasa, ta miƙo hannu biyu, suna sheƙi da kananzir har gwiwar hannu.

“Ja'ira, na yafe miki. Kawo angona in gan shi.”

Inna tana tsaye, Gwaggo tana tsaye, matan 'yan haya sun leƙo daga ɗakunansu. Yaron ya fara mutsu-mutsu a kafaɗata, ya yi atishawa. Na ja da baya.

Na ce, “Kaka, sai kin wanke hannunki.”

Wanda ba ɗan gida irin namu ba ne ba zai san nauyin wannan maganar ba. A ce wa tsohuwa ta wanke hannu kafin ta taɓa jininta, a gaban baƙi, daidai yake da a kira ta ƙazama ko mayya. Murnar ta ɗauke daga fuskarta. Ta juya tafin hannuwanta tana kallonsu.

“Hannun da ya wanke ki ranar da kika faɗo duniya?”

“Shi, Kaka. Kuma ko kin wanke, ba zai shiga ɗakin nan ba.”

Ta sauke su a hankali. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Na juya na koma zaure, na ce da maigidana ya nemo mota, in ba zai nemo ba in tafi da ƙafa. A Takur na ƙarasa wankana, wata maƙwabciya tana dafa mini ruwa.

Yaron ya rayu, ya yi ƙiba, ya yi rarrafe a kan lokaci. Ban taɓa yin da-na-sanin abin da na faɗa ba, ko yau aka maimaita haka zan faɗa. Amma ya ci mini abin da ban zata ba. Kaka ta ƙara shekaru a duniya, muna zuwa gaishe ta da salla da duk wata hidima, tana amsa gaisuwata, har goro take ba ni. Wasan nan namu dai ya mutu, ba ta sake ce mini ja'ira ba. Yaron kuwa, da yake yaro ne, in ya ga tsohuwa a kan tabarma sai ya rarrafa wajenta yana dariya, ya dafa gwiwarta zai hau. Sai ta tura hannuwanta biyu ƙarƙashin zane ta matse su da cinya, ta kau da kai ta ce, “A zo a ɗauke shi, kada in ɓata mata ɗa.” Har ta koma ga Allah ba ta sake taɓa shi ba.